Yadda ake mafin na kasko da injin burodi

Injin burodina na gwanjo ne. Yayata ce ta aiko mini da shi daga Duwala zuwa Garwa, a nan Kamaru, ya kuma shekara guda cur a saman kabad yana shan ƙura. Dalili kuwa, kafin ya gasa burodi ɗaya sai ya ci awa uku ko fiye, mu kuma a unguwarmu ba kullum wuta ke zama awa uku ba ta ƙifta ba. Sau biyu ina buɗe shi in tarar da abu rabi gasasshe rabi ɗanye, na ce na yafe. Daga baya na lura ai ba dole ba ne injin ya gasa. Ya kwaɓa mini kawai, ni in ƙarasa a kasko, ko da wuta ko babu. Tun daga nan mafin ya shiga karin kumallon gidanmu.

Mafin ɗin da nake nufi ba kek ɗin nan mai zaƙi da ake zubawa a 'yar takarda ba ne. Wannan ɗan burodi ne zagayayye, faɗinsa kamar tafin hannu, gefe biyu a shafe, ba ya da zaƙi, kuma a kan kasko ake gasa shi ba tare da mai ba. Asalinsa daga Ingila ne, amma a Amurka ya fi yin suna, bayan wani Bature mai suna Samuel Bath Thomas ya buɗe gidan burodinsa a birnin New York a 1880. Wadda ta san gurasa ba za ta ga baƙon abu ba, dangi ne. Abin da ake nema a cikinsa shi ne 'yan ramukan nan da man shanu ke narkewa ya kwanta a ciki.

Kayan aiki

Injin burodi mai tsarin kwaɓi kaɗai. A na Faransa za ki ga an rubuta Pâte ko Pâte levée, a na Ingilishi Dough. Kafin ki jona shi, juya shi ki karanta 'yar takardar da ke manne a ƙasa. Wutar lantarkinmu volt 220 ce. In kin ga 110 ko 120, injin Amurka ne, sai da taransifoma, in ba haka ba jonawa ɗaya zai yi hayaƙi.

Kasko mai kauri, shimfiɗaɗɗe, da murfin da zai rufe shi. Na baƙin ƙarfe ya fi. Kasko marar kauri na ƙona waje ya bar ciki ɗanye, amma akwai dabararsa, zan zo kanta. Tandar masa ba za ta yi ba saboda gurabunta.

Sai tire babba, kyalle mai tsabta, rariya, kwalbar da za ki murza da ita, cokali mai yatsu, da abin yanka: kofi ko wankakken gwangwani mai faɗin baki kamar santimita 8.

Kayan haɗi, na mafin 12

Fulawa giram 500. In ba sikeli, kofin awon da ke zuwa da injin sau 4, a shafe bakinsa, ba a danna ba.
Madara mililita 320.
Bota ko man shanu babban cokali 2.
Sukari babban cokali 1.
Gishiri cokalin shayi 1 da rabi.
Busasshen yis cokalin shayi 2.
Garin masara mai ɗan tsaki-tsaki, kamar rabin kofi, na barbaɗawa ne kawai.

A kan yis ne sabuwar shiga ta fi yin asara a nan ƙasar, domin a kanti abu biyu ake kira levure. Akwai levure boulangère, shi ne yis na burodi, shi muke so. Akwai kuma levure chimique, hodar kek ce. Na taɓa aiken yarona, mai kanti ya miƙo masa ta kek, ni kuma hankalina na wani wuri na juye. Awa ɗaya da rabi ina jira, kwaɓi na zaune daram kamar an dasa shi. In kin yi aike, duba jikin ledar da idonki. In ɗanyen yis kika samo a gidan burodi, giram 20 ya isa, ki marmashe shi cikin madarar. Yis ɗin da aka buɗe ya daɗe a ɗaki mai zafi kuwa, gwada shi tukuna: rabin cokali a ruwan ɗumi da ɗan sukari. In minti 10 ya wuce bai yi kumfa ba, ya mutu, kada ki ɓata fulawarki.

Fulawa irin ta masu gidan burodi ta fi, wadda ake aunawa daga buhu. In ta leda ce mai lamba, T55 ta fi T45 danƙo. Ko wacce ce, tankaɗe ta, kin san halin fulawar buhu da ƙwari.

Madara kuwa duk wadda ta samu. Ta gari, babban cokali 3 a dama da ruwa har ya kai mililita 320. Ta shanu, a tafasa a bar ta ta huce. Na fi son rabin madara rabin kindirmo, yana ba da ɗan tsami mai daɗi da laushi. Babu bota, man gyaɗa ko man auduga na Diamaor babban cokali 2 ya wadatar, sai dai ƙamshin ba ɗaya ba.

1. Zuba kaya a bokitin injin

Ciro bokitin daga cikin injin kafin ki zuba komai, don kada gari ya zube kan ƙarfen da ke ɗaukar zafi. Tabbatar ɗan fiffiken da ke juya kwaɓi yana zaune a gurbinsa. Abin dariya ne, amma kusan kowa ta taɓa mantawa da shi a kwandon wanke-wanke.

Madara ce farko, sai bota, sukari, gishiri a kusurwa ɗaya. Sannan fulawa ta rufe ruwan duka. Yi ɗan rami a samanta da yatsa ki zuba yis, don kada ya haɗu da gishiri kai tsaye. Wasu injunan, kamar na Panasonic da dama, sun ce a fara da yis a ƙasa, ruwa a ƙarshe. In littafin injinki na nan, bi abin da ya ce.

Zafin madarar ya danganta da lokacin shekara. Littattafan Turai za su ce madara mai ɗumi, amma su a ƙasar sanyi suke. A Garwa ko Marwa, Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da ruwan sanyi nake damawa, na randa ko na firji, domin injin kansa yana ƙara ɗumi wajen juyawa. Da hunturu, ko in a Ngaundere kike inda gari ke da sanyi, ki ɗumama ta kaɗan, yadda za ki sa yatsa ba ki ji zafi ba. Madara mai zafi kashe yis take yi.

2. Kunna, amma kada ki tafi

Mayar da bokitin, ki ji ya shiga ƙas, ki zaɓi tsarin kwaɓi. A yawancin injuna awa ɗaya da rabi ne: kamar minti 20 zuwa 30 na juyawa, sauran na tashi.

Bayan minti 5 zuwa 8 buɗe murfin ki leƙa. Buɗewa a wannan lokaci ba ya ɓata komai. Kwaɓin mafin ya fi na burodi laushi. In kin taɓa, ya ɗan kama yatsa ya saki, ƙasansa kuma yana ɗan manne wa bokitin. In ya dunƙule tamau yana buga gefe kamar ƙwallo, ya yi tauri, ƙara madara cokali ɗaya ki jira minti biyu ki gani. In ya zama kamar ƙullun masa, bai haɗe ba sam, ƙara fulawa cokali ɗaya. Cokali-cokali ake yi, ba a juyewa. Da hunturu fulawa na bushewa, kusan kullum sai na ƙara cokali ɗaya ko biyu na ruwa. Da damina kuwa sai in rage.

Hannu zai riƙa yi miki ƙaiƙayi ki ƙara gari don kwaɓin ya daina kama yatsa. Daure. Ruwan da ke ciki ne ke zama tururi ya buɗe ramuka. Kwaɓi mai tauri mafin cunkusasshe yake haifarwa.

In wuta ta ɗauke ana cikin juyawa, wasu injuna na riƙe lissafinsu na 'yan mintuna. In ba ta dawo ba, juye a roba ki ƙarasa da hannu, ki yi ta naɗewa kina dannawa har ya yi sumul. In an gama juyawa ta ɗauke, ba ki yi asarar komai ba, bar shi a ciki ya tashi da ɗumin gari. Wadda ba ta da inji ma haka za ta yi tun farko: murza na minti 10 zuwa 12, a rufe a ajiye.

3. Tashin farko

Injin bai san a Garwa yake ba. Lissafinsa na kicin ɗin Turai ne, shi ya sa nake duban kwaɓi fiye da agogonsa. Da zarar ya ninka girmansa, ya isa, ko injin bai yi ƙara ba. Da bazara nakan kashe shi saura minti 20 ko 25. Gwaji mai sauƙi: shafa gari a yatsa ki danna. In ramin ya ciko a hankali bai rufe duka ba, daidai ne. In ya ciko nan take, da saura. In kwaɓin ya sace ya faɗa, kuma yana warin tsami mai hawa kai, ya wuce. Za a ci, amma ba zai yi tsayi ba.

4. Shimfiɗawa da yankawa

Barbaɗa fulawa kaɗan a tebur, ki juye kwaɓin a hankali, ki zare fiffiken in ya biyo shi. Kada ki sake murza shi, iskar da ke ciki muke tattali. Da tafin hannu ki baje shi, kwalba ta daidaita saman kawai, har kaurin ya zama kamar santimita 1 da rabi zuwa 2, wato kaurin babban yatsanki. Ki rufe shi minti 5 ya huta, in ba haka ba kina yankawa yana tsukewa.

Tsoma bakin gwangwanin a fulawa, ki danna shi tsaye ki ɗaga. Ban da murɗawa, tana liƙe gefen ta hana shi tashi. Ragowar ki haɗa, ki bar ta minti 10, ki sake yankawa. Na biyun ba sa kai na farko kyau, yara ne ke cinye su da zafi.

Akwai wata hanya, ita na fi bi yanzu: raba kwaɓin gida 12, kowanne kamar giram 75, ki dunƙula, ki danne da tafin hannu ya zama faifai. Ba ragowa, ba gwangwani.

5. Garin masara da tashi na biyu

Barbaɗa garin masara a tire sosai, ki jera mafin da tazarar yatsu biyu, ki sake barbaɗawa a samansu. Garin nan shi ne ke hana su kama tire da kasko, shi ne kuma ke ba da ɗan ƙuras-ƙuras a baki. Garin tuwo mai laushi zai yi, amma yana saurin ƙonewa. Tsakin shinkafa da aka niƙa ko samolina duk suna yi.

Rufe da kyalle. Da hunturu ki ɗan jiƙa shi ki matse, ko ki kifa babbar roba, domin iskar nan na busar da saman kwaɓi ya tsattsage. Lokacin zafi minti 15 zuwa 20 ya isa, lokacin sanyi har 40. So ake su kumbura su yi sakayau a hannu, ba sai sun ninka ba. In sun wuce kima, kina ɗagawa za su sace.

6. Gashi

Duk abin da ya gabata, inji ya ɗauke miki rabinsa. Nan kam ke ce da kasko, kuma nan ne mafin ke yin kyau ko ya lalace.

Mun saba da suya: ƙosai, masa, fanke, duk mai da wuta sosai. Wannan akasin haka ne. Ba a sa mai ko ɗigo, kuma wuta ƙasa-ƙasa. Ɗora kasko ya yi minti 5 yana ɗaukar zafi a ƙaramar wuta. Watsa ɗan garin masara ki gani. In ya yi baƙi nan take yana hayaƙi, zafi ya yi yawa, sauke ya huce. In ya ɗauki kamar minti ɗaya kafin ya fara ja yana ƙamshin gugguru, to ya yi.

A gas, mafi ƙanƙantar wuta ko sama da ita kaɗan. A gawayi, jira sai harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi fari, ki baje shi, ki yayyafa toka a kai. Ni na fi son na gawayi, zafinsa ya fi kwanciya, sai dai a riƙa ƙara garwashi ɗaya-biyu don kada ya mutu a tsakiyar aiki. In kaskonki marar kauri ne, sa wani faifan ƙarfe ko tsohon murfin tukunya tsakaninsa da wuta.

Ɗauki mafin da faffaɗan cokali ko tafin hannu, a hankali kamar ƙwai, ki jera huɗu ko biyar gwargwadon kaskon, kada su taɓa juna. Rufe. Murfin na tara zafi ya dafa cikin, za ki ga sun ƙara tsayi. Bayan minti 4 ɗaga gefen ɗaya ki leƙa. In ya riga ya yi ja sosai, wutarki ta yi yawa, rage. Gefen farko na buƙatar minti 6 zuwa 8 kafin ya yi ja irin na ɓawon burodi. Juya, ki ba ɗaya gefen minti 6 zuwa 7, wannan karon murfi a ɗan buɗe don tururi ya fita. Kada ki danne su da cokali. Na san ana son su yi shafe-shafe, amma nauyin kansu ya isa, dannawa kashe ramukan take.

Kasko na gida ba ya zafi daidai ko'ina. Tsakiya ta fi, don haka a rabin lokaci ki sauya musu wuri, na gefe su shigo, na tsakiya su fita.

Gefen mafin fari yake zama, kada wannan ya ruɗe ki. Matsa gefen da yatsu biyu: in ya dawo kamar soso, ya nuna, in ya lotsa ya tsaya, ko kin ji danshi, da saura. Mai ma'aunin zafin abinci za ta ga kamar digiri 93 zuwa 95 a tsakiya. A zubin farko ki sadaukar da guda ɗaya, ki ɓare ki duba, shi zai gaya miki halin wutarki.

In waje ya yi ja ciki bai nuna ba, kada ki ci gaba da gasawa a kasko, ƙonewa za su yi. Mai oven ta sa su a digiri 175 na minti 5 zuwa 8. Marar oven ta yi yadda muke gasa kek: yashi a gindin tukunya, a ɗora faranti a kai, a jera su, a rufe, minti 8 ya isa.

Kafin zubi na gaba, share garin masarar da ya ƙone da busasshen tsumma. In kin bari, ɗacinsa zai kama na bayan. Kuma kasko na ƙara zafi yana tafiya, zubi na uku ya fi na farko saurin ja, sai ki ƙara rage wuta.

7. Hucewa da ɓarewa

Jera su a kan rariyar ƙarfe ko faifai inda iska za ta ratsa ƙasa, minti 20 aƙalla. Da zafi cikin yana nan da danƙo, za ki zaci bai nuna ba alhali hucewa kawai yake jira.

Wuƙa ba ta shiga nan. Soka cokali mai yatsu a gefe, ki zagaya da shi kina sokawa har ki dawo inda kika fara, sannan ki buɗe da hannu. Wuƙa shafe ramukan take, cokali kuwa yana barin fuskar da gargada. Sai ki kifa ɓarin a kasko mai zafi da ɗan man shanu, minti ɗaya ko biyu, bakin ramukan ya yi ja. Mafin da ba a sake gasa cikinsa ba bai kammala ba.

Mu da man shanu da zumar Adamawa muka fi cin sa, da shayi. Maigida ya fi son a sa masa soyayyen ƙwai da albasa a tsakiya, yara kuwa kifin gwangwani ko wake. Ragowar naman suya na jiya ma in an ɗumama ya shiga.

In da safe ake so

Ba mai tashi ƙarfe uku na dare don mafin. Hanya biyu ce. In firjinki abin dogaro ne, kwaɓa bayan isha'i, da injin ya gama juyawa ki juye a roba mai murfi da kika shafa wa mai, ki sa a firji. Bayan sallar asuba ki fito da shi, ki yanka da sanyinsa, ya ma fi sauƙin riƙewa, ki ba shi kamar minti 40 ya tashi. Wanda ya kwana haka ya fi ɗanɗano da ramuka. Amma in wuta na yawan ɗaukewa da dare, kada ki gwada, za ki wayi gari kwaɓi ya ture murfi ya yi tsami. Gara ki gasa da yamma, su huce, da safe ki ɓare ki ɗumama a kasko.

Ajiya: sai sun huce sarai kafin su shiga leda, in ba haka ba gumi zai jiƙa su. Kwana biyu suke yi a ɗaki, da damina ma ki duba a rana ta biyu, funfuna ba ta jira. A firiza suna wata guda lafiya. Ki ɓare su tun kafin ki sa, don daga can sai kasko kai tsaye. Bokitin injin kuma ki zuba masa ruwa tun kwaɓin bai bushe ba, ki wanke da soso mai laushi. Soson ƙarfe na kankare rufin da ke hana kamu, ni nawa da ya kankare sai da na yi wata huɗu ina cigiya a wurin 'yan gwanjo kafin na samu wani bokitin.